Sa'ad da Mai Ciwo Ya Ce Ya Gaji

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18
Ayar haddacewa: Maimaitawar Shari'a 32:39

Maganar yau tana da nauyi. Kada ka karanta ta a tsaye kana neman takalmin fita. Nemi wuri ka zauna, in da hali ka kira iyalinka ku karanta tare.

Shekarun baya aka buga mini waya wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka ce in zo asibiti, jikin wani dattijon ikilisiyarmu ya tsananta. Ciwon daji ne ya kama shi, har ya shiga ƙashi. Mutumin nan shi ya koya mini jagorancin addu'ar asuba tun ina saurayi. Da na shiga ya riƙe hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce, "Ɗana, kai suna jin maganarka. Ka gaya wa likitan nan ya yi mini allurar da zan huta gaba ɗaya. Na gaji."

Zan faɗa maka abin da na yi, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Na ɗaga murya na shiga tsauta wa ruhun mutuwa. Na yi ta yi har masu jinya a gadajen kusa suka farka. Da na ce amin na buɗe ido, sai na ga Baba ya juya fuskarsa bango. Bai sake yi mini magana ba a daren. A hanyar gida Ruhu Mai Tsarki ya nuna mini cewa mutumin ya buɗe mini zuciyarsa, ni kuwa na rufe masa baki da addu'a. Ban tambaye shi ko sau ɗaya ina ne yake masa ciwo ba.

Abin da Baba ya roƙa a daren, a wasu ƙasashe doka ta ba likita izinin yin sa. Turawa suna kiransa yutaneziya, kalmar Helenanci ce mai nufin kyakkyawar mutuwa. Mu a nan bari mu ce kisan tausayi. Iri biyu ne. A na farko likita ne da hannunsa yake yi wa majinyaci allurar da za ta ɗauke numfashinsa, bisa roƙon majinyacin. A na biyu likita yakan rubuta maganin, majinyacin ya sha da kansa.

Ƙasar Holan ce ta fara halatta na farkon da dokar majalisa, wadda ta soma aiki a watan Afrilu na 2002. Beljiyam ta bi bayanta a wannan shekarar, a 2014 kuma ta cire iyakar shekaru, har yaro ma yana iya nema a kan wasu sharuɗɗa. Jihar Oregon ta Amurka tun 1997 take da iri na biyu, ga babban mutum da likitoci suka ce kwanansa bai wuce wata shida ba. Kanada ta kafa tata dokar a 2016 domin waɗanda mutuwarsu ta gabato, a 2021 ta cire wannan sharaɗin. Sifen ta shiga sahu a 2021. A watan Nuwamba na 2024 majalisar wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a a kan irin wannan ƙuduri, 330 suka ce a ci gaba da shi, 275 suka ƙi.

Dubi yadda abin yake girma. A shekarun farko a Holan, waɗanda suka mutu ta wannan hanya ba su kai 2,000 a shekara ba. A 2023 sun haura 9,000, wato fiye da mutum 5 cikin kowane 100 da suka mutu a ƙasar. A Kanada a wannan shekarar sun wuce 15,000. A watan Fabrairu na 2024 tsohon firaministan Holan, Dries van Agt, da matarsa, dukansu masu shekara 93, suka mutu rana ɗaya ta wannan hanya. Akwai wani malamin tauhidi ɗan ƙasar, Theo Boer, wanda ya yi shekaru a cikin kwamitin da ke duba takardun irin waɗannan mace-mace. Da farko yana goyon bayan dokar. Daga baya ya fito yana gargaɗin wasu ƙasashe kada su bi wannan hanya, domin ya ga ƙofar da aka buɗe kaɗan tana ta ƙara faɗi.

Kana iya cewa wannan ai matsalar Turawa ce. To, 'ya'yanmu nawa ne suke aikin jinya a Kanada da Ingila yau? Wata 'yar'uwa da ta tashi a ƙungiyar mawaƙanmu ta rubuto mini daga can, ta ce majinyacin da ta yi makonni tana yi wa wanka an sa masa ranar mutuwa, da awa, kamar ranar ɗaurin aure. Ta ce, "Baba, in aka ce in shirya ɗakin, in yi?" Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Nijeriya dai doka ba ta yarda ba. Dokar laifuka ta jihohin kudu ta ce yardar mutum a kashe shi ba ta wanke wanda ya kashe shi, kuma wanda ya gaggauta mutuwar marar lafiya ana lissafta shi mai kisa ne, ko da ciwon zai kashe shi gobe. Wanda ya taimaki wani ya kashe kansa, hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Dokar Final Kod ta arewa ita ma ta sa ɗauri a kan wanda ya taimaka. Amma akwai wani ɓangare da ya kamata ka sani. A 2001, a shari'ar Likita Okonkwo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa babban mutum mai cikakken hankali yana da ikon ƙin karɓar magani, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Maganar ƙarin jini ce ta kawo shari'ar. Ka riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Doka takan sauya, majalisa ta zauna yau ta warware abin da ta ƙulla jiya. Mu abin da muke tambaya shi ne, me Maganar Allah ta ce?

Kafin in amsa, kada mu mai da masu goyon bayan wannan abu dodanni. Da yawansu sun zauna a bakin gadon uwa ko miji suna jin ihun da ba za su manta ba. Hujjarsu ita ce, rai na mai shi ne, shi ya san azabar da yake sha, don me wani zai tilasta masa ya ci gaba? Wanda bai taɓa kwana a ɗakin mai ciwon daji ba, ya yi a hankali da bakinsa. Na kwana, kuma na san tambayar ba ta wasa ba ce.

Inda muka rabu da su shi ne a tushe. Sun ce rai na mai shi ne. Littafi Mai Tsarki ya ce rai amana ce. A Farawa 1:27 an halicci mutum cikin kamannin Allah, a Farawa 9:6 kuma wannan kamannin ne dalilin da aka hana zub da jininsa. Kamannin nan ba ya gogewa don mutum ya rame, ko ya daina riƙe fitsari, ko ya manta sunan 'ya'yansa. Ayar haddacewarmu ta nuna ikon kashewa da rayarwa a hannun Ubangiji yake shi kaɗai. Ga mai bi kuwa maganar ta ninku, gama Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa an saye su da tsada, jikinsu ba mallakarsu ba ne (1 Korantiyawa 6:19-20). Wanda aka ba ajiyar kaya ba ya ƙone su don sun yi masa nauyi. Yakan jira mai kaya ya zo ya karɓa.

Akwai labari a Tsohon Alkawari da ya yi kama da abin da muke magana. Sarki Saul ya ji mummunan rauni a Dutsen Gilbowa, ya roƙi mai ɗaukar masa makamai ya ƙarasa shi. Saurayin ya ji tsoro ya ƙi, Saul ya faɗa a kan takobinsa (1 Sama'ila 31). Daga baya wani Ba'amaleke ya zo wurin Dawuda ya ce shi ne ya ƙarasa sarkin, bisa roƙonsa, domin ya ga ba zai tashi ba. Yana tsammanin tukwici, sai ya gamu da hukuncin kisa (2 Sama'ila 1). Gaskiya ne, dalilin da Dawuda ya ambata shi ne mutumin ya taɓa shafaffe na Ubangiji, kuma da alama ƙarya ma ya shirya. Amma ka lura da hujjojin da ya kawo: shi ya roƙe ni, yana cikin azaba, ba zai rayu ba. Su ne ainihin sharuɗɗan da dokokin yau suke nema. Ba su wanke shi ba.

Yanzu mu zo kan karatunmu, inda nake so mu daɗe.

Iliya ya ga wuta ta sauko a Karmel. Bai daɗe ba saƙon Yezebel ya iso, sai ga annabin yana gudun ceton ransa. Ya kai Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai. Ka lura da wannan: sai da ya rabu da mutum na ƙarshe da ke tare da shi, sa'an nan ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Kaɗaici da gajiya da tsoro ne suka haɗu suka haifi wannan addu'a.

Me Ubangiji ya yi? Bai tsauta masa ba, yadda na yi wa Baba. Bai kuma ba shi abin da ya roƙa ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika ya taɓa shi, ga gurasa da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci ya sha ya koma barci. Aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan jiki ya samu ƙarfi, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Sa'an nan ya gaya masa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000, ya ba shi sabon aiki, ya ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Abin mamaki, mutumin da ya roƙi mutuwa a gindin itace shi ne wanda bai ɗanɗana ta ba, guguwa ce ta ɗauke shi zuwa sama (2 Sarakuna 2). Haleluya!

Ba Iliya kaɗai ba. Musa ya ce in haka nauyin jama'a zai ci gaba, gara Allah ya kashe shi. Amsar da ya samu dattawa 70 ne da za su ɗauki kayan tare da shi (Littafin Ƙidaya 11). Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi marmarin kabari. Yunusa ma ya roƙa. Duk waɗannan bayin Allah sun faɗi abin da Baba ya faɗa. Amma wurin Mai rai suka kai kukansu, ba su miƙa hannu suka ɗauka da kansu ba, kuma Allah bai kore su daga gabansa don sun ce sun gaji ba. Don haka in mahaifiyarka ta ce maka gara ta mutu, ba ta yi ridda ba. Kada ka ce mata ta tuba. Ka ja kujera ka ce, "Mama, gaya mini."

Jihar Oregon takan fitar da rahoto kowace shekara a kan dalilan da masu neman maganin mutuwa suke bayarwa. Za ka zaci zafin ciwo ne a kan gaba. Ba shi ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne mutum ya rasa ikon yi wa kansa abubuwa, ya kasa yin abin da yake jin daɗinsa a dā, ya ga mutuncinsa ya zube. Kusan rabinsu kuma sukan ce ba sa so su zama wa iyali kaya. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tsoro. Ranar da doka ta ce tsoho yana iya zaɓar mutuwa, daga ranar kowane kwana da ya ƙara a gado ya zama zaɓinsa ne, sai ya fara jin dole ya ba da dalilin da ya sa har yanzu yana nan yana cin kuɗin makarantar jikoki. Talaka da naƙasasshe da gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata su ne za su fara jin wannan nauyin.

Da na koma wurin Baba washegari na roƙi gafararsa, na zauna na yi shiru. Can ya ce abu biyu ne. Na ɗaya, ƙashin bayansa ba ya barinsa ya runtsa. Na biyu, ya ji 'ya'yansa a bakin ƙofa suna shawarar sayar da gonar gado.

Na farkon yana da magani, kuma jahilcinmu ne ya bar shi cikin azaba. Wata Baturiya mai bi, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967. Ta koya wa duniya cewa a riƙa ba da maganin zafi a kan lokaci tun kafin zafin ya dawo, kuma ciwon mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, da na iyali, da na ruhu. Wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin mishan a Nijeriya, ta kafa irin wannan aiki a Yuganda a 1993, da ruwan mofin mai araha da ake ba majinyaci a gidansa. Wasu manyan asibitocinmu na koyarwa suna da irin wannan sashe yanzu. Ka tambaya. Mutanenmu suna tsoron mofin, suna cewa in an fara ba mutum shi an sallama shi ke nan, ko zai zama ɗan ƙwaya. In likita ne yake auna shi daidai da zafin, sauƙi yake kawowa. Karin Magana 31:6 ma ta san da ba mai bakin mutuwa abin da zai rage masa raɗaɗi. Niyyar a nan ita ce a kashe zafin, mai zafin kuwa a bar shi a hannun Ubangijinsa. Amma kada ka je kyamis ka haɗa masa da kanka.

Ga bambancin da na ce ka riƙe. Ƙin kashe mutum ba ya nufin dole a riƙe shi da ƙarfin tsiya. In likitoci sun tabbatar cewa na'urar taimakon numfashi ko wankin ƙoda ba ya ƙara wa mutum kome sai tsawon wahala, shi kuma ya ce a bar shi ya koma gida cikin iyalinsa, wannan ba kisan kai ba ne. Ciwon ne zai ɗauke shi, ba hannun ɗan Adam ba. Yakubu ya gama yi wa 'ya'yansa wasiyya, ya janye ƙafafunsa cikin gado, ya tafi (Farawa 49:33). Bulus ya ce tafiya wurin Almasihu ta fi masa, duk da haka ya bar zaɓin lokacin ga Ubangiji (Filibiyawa 1:21-25). Mai bi ba ya gayyatar mutuwa, ba ya kuma firgita in ta ƙwanƙwasa. Na san 'yan'uwa da suka yi shekaru suna zargin kansu don sun yarda a cire wa mahaifinsu na'ura. In kana cikinsu, ka sauke wannan kaya yau, cikin sunan Yesu.

Wani zai ce, mai bishara, ina bangaskiyarka? Ba mu ne muke wa'azin warkarwa ba? Mu ne, kuma ba za mu daina ba. Na ga waɗanda likita ya sallama sun tashi sun zo sun ba da shaida. Wannan ma babban dalili ne da ba za mu yanke wa kowa kwana ba, gama Hezekiya an riga an ce masa ya shirya gidansa, sai aka ƙara masa shekara 15 (2 Sarakuna 20). Ka kira dattawa, a shafa mai, a yi addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ya umarta. Amma ka tuna Elisha, wanda ya ta da ɗan matar Shunem, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu (2 Sarakuna 13:14). Bulus ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Mu 'yan Fentikos muna da wani laifi a nan. Muddin muna sa ran mu'ujiza, ɗakin majinyaci cike yake da mu. Da zarar jiki ya ƙi, sai ƙafa ta ɗauke, kamar mai mutuwa ya kunyata mu. Wasu har su ce masa rashin bangaskiyarsa ne. Allah ya gafarta mana.

Kuma kafin mu nuna wa Holan yatsa, mu leƙa ɗakin bayan gidanmu. Ba mu da allurar, amma akwai tsohuwar da aka kai ƙauye aka ajiye, ba mai juya ta har gyambo ya cinye mata baya. Akwai wadda rikicewar tsufa ta kama, aka ce mayya ce, aka rage mata abinci. Akwai wanda ya shanye ɓarin jiki, yana ji ana cewa a gabansa, shi dai Allah ya ɗauke shi kowa ya huta. Wace kotu ce za ta kama mu? Amma Ubangiji yana gani.

Ita 'yar'uwarmu ta Kanada na amsa mata cewa ta gaya wa shugabanninta tun da wuri, cikin ladabi, cewa lamirinta bai yarda ta sa hannu a wannan aikin ba, dokar ƙasar ma ba ta tilasta wa kowa ya aikata da hannunsa. Amma kada ta guji majinyacin. Ta yi masa wanka, ta gyara masa matashi, ta saurare shi, ta zama masa gurasa da tulun ruwa muddin an bar ta kusa da shi.

Kai kuma mai karatu, in kai ne a gindin itacen nan yau, ko ciwo ne, ko bashi, ko baƙin cikin da ba ka gaya wa kowa ba, kada ka bar baranka a Biyer-sheba. Ka faɗa wa fastonka ko wani dattijo yau ɗin nan, ka bari a raka ka wurin likita. In kuwa wani naka ya riga ya tafi ta hannun kansa, ba ni da kujerar shari'a, kai ma ba ka da ita. Ka bar shi ga Mai shari'ar da ya san abin da ba mu sani ba.

Baba ya ƙara mako biyar. Aka sauya masa magani, ya fara samun barci, ko da yake akwai dararen da suka yi wuya har ƙarshe. Zumuntar Mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, matasa maza biyu suna zuwa juya shi da yi masa wanka. Dattawa suka zauna da 'ya'yansa, ikilisiya ta ɗauki kuɗin magani, ba a sayar da gonar ba. A mako na uku ya aika a kira ƙaninsa da suka yi shekara 11 ba sa ga maciji, suka rufe ƙofa su biyu, ba wanda ya san abin da suka faɗa. Bai warke ba. Babban ɗansa ya daɗe yana jin haushina, yana ganin addu'armu ce ba ta kai ba. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, matarsa tana riƙe da kofin kunun da ya kurɓa sau biyu.

Addu'a: Ya Uba, numfashina naka ne, na iyayena ma naka ne. Ka taɓa marasa lafiya na gidanmu da na ikilisiyarmu, ka warkar da su bisa ga ikonka. Waɗanda ba su yi barci daren jiya ba saboda zafi, ka aiko musu da taimako yau. Ka ƙarfafa masu jinya da kuɗinsu da ƙarfinsu suka ƙare. Ka tsare 'ya'yanmu da ke aiki a asibitocin ƙasashen waje, ka ba su hikima da ƙarfin hali. Ka nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa a wannan mako. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.